Jitar da Ke Cikin "Hanyar Gwiwa"

Malam Muhammadu Lawal, tsohon hedimastan firamare, ya gama wana garmahon, ya hure allurar, ya ɗora ta a kan faifan a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. Faifan ya fara da shuuu irin ta tsufa, sannan kalangu ya shigo, begila ta bi bayansa, sai ga muryar shugaban makaɗan, Sama'ilu Roni, tun tana da sauran mai a jiki. Dattawan da ke bencin gaba suka gyara zama. Wani mai jar dara ya rufe ido yana kaɗa kai, ya manta da goron da ke kumatunsa. Samarin da suka cika tagogin ajin da ake gasar kuwa, masu tulin suma da wanduna masu sharar ƙasa, sai zungurin juna suke yi suna ƙunshe dariya.

Alhaji Bunu Dunoma bai kaɗa kai ba, bai kuma yi dariya ba. Yana zaune a teburin alƙalai, hannayensa cikin babbar riga, yana jiran wurin da ya sani.

Gwamnatin jiha ce, da kuɗin fetur ya yi mata yawa ta rasa inda za ta kai shi, ta ce kowace ƙaramar hukuma ta tura ƙungiyar makaɗan zamani guda ɗaya bikin al'adu a Kano, inda gidan rediyo zai ɗauki waƙoƙinsu a sabon tef ya adana. A ƙasar Kazaure aka yi ta tankaɗe da rairaya har saura biyu. Akwai samarin gari masu jitar lantarki da gangunan Turawa. Akwai kuma 'Yan Fitila na Roni, waɗanda a shekarun samun mulkin kai, daga Babura har Gwiwa, biki bai cika biki ba sai sun kunna fitilunsu sun kaɗa. Yanzu abin da ya rage musu a duniya faifan nan ne guda, mai tsaga a gefe, sai mutum huɗu da ke zaune jikin allo cikin riguna iri ɗaya da suka koɗe. In ba su je Kano ba, ranar da faifan ya ƙarasa fashewa labarinsu ya ƙare.

Alƙalan uku ne. Malam Muhammadu Lawal, tun kafin a zauna kowa ya san inda ya dosa, don da kiɗan 'Yan Fitila aka kai masa amarya. Abdulƙarim, jami'in al'adu, saurayin da ya dawo daga jami'a a Zariya da tabarau da ra'ayi a kan komai, shi ma an san nasa. Alhaji Bunu kuwa, babban ɗan kasuwar hatsi na Babura, don girmamawa aka sa shi, saboda motarsa ce za ta kai makaɗan Kano. An ɗauka bai san bambancin kalangu da turmi ba. Amma da aka je gayyatarsa ya ji an ambaci 'Yan Fitila, bai bari an maimaita ba ya amsa.

Sai ga wurin ya zo. Begila ta yi shiru, kalangu ya sassauta, jita ta fito ita kaɗai. Ta hau, ta tsaya kamar za ta faɗi, ta gangaro da sauri, ta sake hawa ta wata hanyar. Ko samarin taga sai da suka ɗan nutsu. A tsakiyar haka muryar Sama'ilu ta ratso daga cikin faifan: "Lauwali ƙanena, taɓa mana!"

Dattawa suka amsa tare da faifan, don sun haddace. Lauwali, wanda ke zaune kusa da yayansa da jita a cinya, ya dafa ƙirji yana murmushi.

Amma yatsun da ke cikin faifan na Bunu ne. A ranin shekarar mulkin kai, mahaifinsa Malam Dunoma, limamin unguwarsu a Babura, Babarbaren da ko tafi ba a yi a ƙofar gidansa, ya tura shi Kano koyon fatauci. Ya koyi fataucin, ya kuma koyi jita a wurin wani ɗan Kamaru a Sabon Gari. Ya shiga 'Yan Fitila a ɓoye, yana zama can bayan fitilu inda haske ba ya kai wa fuska, in kuma bikin na wajen Babura ne sai ya ce ciwon ciki. Da wani kamfani ya kira su ɗaukar faifai, shi ya tsara wurin jitar nan na "Hanyar Gwiwa", daga wata waƙar Barebari da mahaifiyarsa Hajja Kaka ke yi in tana niƙa. Al'adar makaɗa kuwa, in aka bar wa mutum fili shi kaɗai, shugaba kan kira sunansa don duniya ta san hannun waye. Bunu yana cikin kaɗawa, idonsa a rufe, ya ji an kira sunan Lauwali, wanda aikinsa a ƙungiyar bai wuce riƙe jita ta biyu yana amshi ba.

Da Bunu ya tare shi a waje, Sama'ilu ya ce ai rufin asiri ya yi masa. Ɗan liman ne shi, in sunansa ya fita a faifan makaɗa, wa zai ƙara bin mahaifinsa salla? Bunu ya ce in don rufin asiri ne, me ya hana shi yin shiru? Sama'ilu sai ya ɗaga kafaɗa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Lauwali ya zama Lauwali Mai Jita, aka yi ta sa wa yara sunansa. Bunu ya koma Babura ya rungumi buhun gero, bai sake taɓa jita ba. Amma faifan bai ƙyale shi ba. Ya ji shi a teburin mai shayi, ya ji shi a tashar mota, ya ji shi har a kasuwar Magarya can cikin Nijar. Ranar bikinsa ma abokan ango shi suka sa, ya zauna cikin lalle yana jin ana kiran wani a kan hannunsa. Abin ya zauna masa a zuciya, bai tsufa ba, bai huce ba.

Da faifan ya ƙare, Malam Muhammadu Lawal ya miƙe ya yi jawabi mai tsawo. Ya ce yaran yanzu ba su san abin da ake nufi da a ga tutar Turawa ta sauka ana kaɗa wannan waƙa ba. Ya ce kiɗan da ya yi maganar hanyarmu da kasuwarmu da 'yan matanmu ya fi wanda sai an ja waya daga bango kafin ya yi ƙara. Dattawa suka ce ƙwarai, ƙwarai.

Abdulƙarim ya bari ya zauna, sannan ya gyara tabarau. Ya ce da girmamawa ga iyayensa, kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Ya ce ba kiɗan suke ji ba, ƙuruciyarsu suke ji, kuma ba ƙuruciyar kowa aka ce a kai Kano ba. Begilar ta 'yan sanda ce, kalangun na mahauta ne, an haɗa an kira shi zamani. Jitar nan ma da ake ta kururutawa, in ji shi, duk wanda ya saurari faya-fayen Kongo ya san daga inda Lauwali ya kwaso ta.

Bunu ya ji maganar kamar ya taka ƙaya. Dutsen niƙan Hajja Kaka ne wannan yaron ke kira Kongo. Amma yaron nan shi ne hannunsa na dama a yau, don haka ya haɗiye, ya yi gyaran murya. Ajin ya yi tsit, don tun safe bai ce uffan ba.

"Ni ɗan kasuwa ne, ban san kiɗa ba," in ji shi. "Amma a wurinmu ba a sayen gero da samfurin bara. Faifai ba shi zai je Kano ba. Ga Lauwali, ga jita. Ya kaɗa mana wurin nan mu ji."

Lauwali ya kalli yayansa, sannan ya gyara jitar. Shekara da shekaru yana kaɗa wurin a gidajen biki, kuma a gidan biki, cikin guɗa da hayaniya, ba mai bin diddigi. Yana da wata 'yar gajeriyar hanya da ya saba bi, ya hau, ya tsallake gangaren, ya faɗa ƙarshe. Ita ya bi. Da ya gama dattawa suka tafa don kara. Bunu ya roƙi Malam Muhammadu Lawal, cikin ladabi, ya mayar da allurar daidai wurin. Aka sake ji. Ya ce Lauwali ya sake. Wannan karon Lauwali ya yi ƙarfin hali ya nufi gangaren, yatsunsa suka sarƙe, tsirkiya ta yi wata ƙara kamar an taka jelar kyanwa. Tagogi suka fashe da dariya. Gumi ya keto wa Lauwali ta ƙarƙashin hula.

Daɗi ya ratsa Bunu har ƙafa, ba ya ko jin kunyarsa. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ya juya ga shugaban 'Yan Fitila.

"Sama'ilu, tsakaninka da Allah, hannun nan da na cikin faifai ɗaya ne?"

Sama'ilu ya gane shi tun da ya shigo da safe, amma ya durƙusa ya gaishe shi kamar baƙo. Ya rame, yanar ido ta fara rufe masa ido ɗaya, amma taurin kan nan yana nan inda yake. Kalma ɗaya ta ishe shi ya sayi tafiyarsu Kano, Bunu ya san ya sani. Sama'ilu ya miƙe ya harɗe hannu a baya.

"Ranka ya daɗe, tsufa ba ya barin hannu yadda ya same shi. Sunan da na kira a faifai shi ne sunan. In kuwa akwai wanda ya san wani sunan a ɗakin nan, ga jama'a, ya faɗa da bakinsa."

Ya tsaya yana kallonsa da idon mai lafiyar. Bunu ya dubi bencin gaba. Akwai mutanen Babura a ciki, har da ladanin masallacin mahaifinsa, kuma Malam Dunoma yana nan da ransa, ana riƙo shi zuwa sahun gaba kowace Juma'a. Ko a yau, da rawaninsa da motocinsa, Sama'ilu ya sake rufe masa baki da igiyar da ya ɗaure shi da ita tun farko. Zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin. Ya ce ba shi da sauran tambaya.

Ba a daɗe ba aka zo yanke hukunci. Malam Muhammadu Lawal ya ɗaga wa 'Yan Fitila hannu, ya waiga yana neman na Alhaji, bai gani ba. Da aka kira samarin lantarki, hannun Abdulƙarim ya tashi, na Bunu ya bi shi, ya kuma bar shi a sama har sai da ya tabbata Sama'ilu ya gani. Samari suka yi ta ihu suna dukan tagogi. Tsohon hedimastan ya rufe garmahonsa. Sama'ilu ya karɓi faifan ya naɗe shi a tsumma, ya matso gaban tebur ya rusuna.

"Allah ya bar girma, Alhaji," ya ce, ya ja hannun ƙanensa suka fita.

Bunu ya fito yana jin jikinsa sakayau. Yana shirin shiga motarsa Abdulƙarim ya taho da sauri, yana jaye da wani ma'aikacin gidan rediyon Kano mai suna Daudu, wanda ya rataya rakoda a kafaɗa. Daudu ya ce dattawa za su yi ƙorafi in suka ji an kayar da 'Yan Fitila, don haka yana son wani babba cikin alƙalan ya yi wa masu sauraro bayani. Abdulƙarim ya ce ai ga Baba Alhaji, shi kaɗai ne cikin manyan ya saurara da kunne ba da zuciya ba, kuma shi ya tona asirin jitar.

Mutane suka kewaye su. Daudu ya danna rakodar, ya kai abin maganar bakinsa.

"Ranka ya daɗe, fara faɗa mana cikakken sunanka, don a san mai magana."

Bunu ya kalli tef ɗin yana juyawa.

"Alhaji Bunu Dunoma, Babura."

"Madalla. To Alhaji, mutane da yawa suna cewa jitar da ke cikin 'Hanyar Gwiwa' ba a taɓa yin irinta a ƙasar nan ba. Jami'in al'adu kuma ya ce kwaikwayon Kongo ne. Kai da ka yanke hukunci, me ka gani?"

Abdulƙarim yana gyaɗa masa kai tun kafin ya buɗe baki. Can bakin titi Sama'ilu da mutanensa sun tsaya jiran motar Roni, kusa sosai, duk abin da aka faɗa za su ji. In ya yabi jitar, ya yabi Lauwali, ya kuma ƙaryata hannun da ya ɗaga yanzun nan.

"Kwaikwayo ne," in ji Bunu. "Babu wani abu a cikinta."

Daudu ya yi godiya, ya ce ranar Lahadi za a sa bayan labaran rana, kuma za a adana tef ɗin tare da na bikin. Sannan ya mayar da shi baya ya kunna don ya tabbata ya ɗauka. Muryar ta fito tas, da sunan da maganar, ba ko shuuu a ciki.