Yauƙin Tarwaɗa

Madam Indo ta faɗo gidan maƙwabcinta Zakari da takalmi ɗaya, tana ɗaga waya sama.

"Sarkin ruwa, tashi! Ɗiyarka Firdausi ce daga Yamai!"

Zakari na kwance ƙarƙashin rumfa, ƙafarsa a kumbure. Wata uku ke nan gyambon ya ƙi jin allura, likitan Maraɗi ya ce ƙwayoyin cutar sun saba da magani. Mutanen unguwa suka ce sammu ne. Indo, wadda ta yi shekara talatin tana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta ce sammun nan kuwa ana ganinsa da madubin likita.

Tun Zakari yana saurayi, idan ƙaya ta soke shi wurin su a tabki, yauƙin tarwaɗa yake shafawa. An sha yi masa dariya, har da Indo. Firdausi ce kaɗai ta kwashi yauƙin a kwalba ta kai jami'a. Ta iske wani ɗan siririn sinadari a ciki yana kashe ƙwayoyin cuta, amma da ya shiga jini sai ya warware.

"Baba!" in ji Firdausi ta cikin wayar. "Sinadarin nan, na haɗa bakinsa biyu na ƙulle, ya koma zobe. Kwana biyu cikin jini bai lalace ba! Har ƙwayoyin irin na ƙafarka ya kashe!"

"Mi ta ce?"

"Ta ce ta ɗaure shi kamar bakin komar kamun kifi!"

Zakari ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ƙullina ne! Ni na koya mata. Madam, wa ke shafa ƙazanta yanzu?"

"Ni ce jaka, na yarda," in ji Indo, ta rangaɗa guɗa har awaki suka watse.

Da ya lafa, ya jawo wayar kusa da baki. "To yaushe za ki kawo mini?"

Indo ta san amsar: gwaji kan ɓeraye, sannan kan mutane, shekaru.

"Baba... da saura."

"Kar ki yi gaggawa," ya ce. "Ƙulli na gaggawa kwancewa yake."

Ran Laraba da hantsi Zakari ya cika, bayan ya ba duk wanda ya zo dubiya labarin zoben. Da aka watse daga zaman makoki, Indo ta tarar da takalmin nan nata ɗaya da ta manta ranar a bakin rumfa, kusa da daron da tarwaɗa ɗaya ke juyawa a hankali cikin ruwa.