Muryar Hassana a Rikodar Malam Tukur

Shekara biyu da samun 'yancin kai, Hassana ta gudo daga zangon Maiturare, wani mai tara mabiya a dajin Gubuchi. A can, sai da izininsa ake cin abinci, sai da izininsa uwa take yi wa ɗanta magana. Ta baro abokiyar tagwaicinta Usaina, wadda zazzaɓi ya hana gudu. Kullum zullumin Hassana ɗaya ne: kada a huce a kan Usaina.

Sai ga Malam Tukur daga Zariya, mai koyar da ɗalibai yadda irin su Maiturare ke mallake mutane. Ya same ta a gidan kawunta a Maƙarfi, ya dire rikoda a tabarma. Bakinsa kamar zuma, wallahi.

"Malam, 'yar'uwata tana hannunsa," in ji Hassana.

"Haba, baiwar Allah! Ko sunanki ba zan rubuta ba."

Ta saki jiki ta zazzage masa komai: bulalar asuba, horon yunwa, askin da ake yi wa matar da ta yi gardama.

Bayan mako uku ya dawo da turmin atamfa, yana washe baki. Wai ƙa'idar bincike ce a ji ta bakin kowane ɓangare, don haka ya je zangon, ya kunna wa Maiturare rikodar. Ka ji ilimi!

Hassana ta zabura. "Ya ji muryata?"

"Ai bai ji suna ba. Mutumin ma ya ba ni haɗin kai, ya tara jama'arsa kaf, ya sa na sake kunnawa. Sai ya ce wannan muryar ta cikin gida ce, ya nuna wata mai kama da ke."

"Ya san ni ce! Wallahi ya sani!"

"To, ita dai ba ta musa ba." Ya buɗe littafinsa. "Aka aske ta a gabana, aka ɗaure ta a rana. Na rubuta komai daki-daki. Ba a taɓa samun mai bincike da ya gani da idonsa ba."

Hassana ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu.

Malam Tukur ya yi maza ya danna rikodar, ya tura ta gabanta.

"Yauwa. Ɗan matso kusa, ɗalibai su ji sosai."