Kwanon Sallau

Ranar Talatar da Alhaji Muntaka ya dawo Matameye, hadari ya haɗu a gabas tun azahar, baƙi ƙirin, har mata suka jera tukwane a ƙarƙashin indararo. Kafin la'asar iska ta kwashe shi ta yi arewa da shi, ko ɗigo bai sauka ba. Damina ta makara, ta bara kuma ba ta bar komai ba. Sojojin da suka karɓi mulki a Yamai sun faɗa a rediyo cewa akwai yunwa a ƙasa, abin da kowa ya riga ya gani a gindin rumbunsa.

Da ya sauko daga mota, maƙwabcinsa Ɗan'azumi mahauci ya dube shi ya kau da kai, ya ɗauka baƙo ne. Sai da ya yi sallama aka gane muryar. Babbar rigar da a da take ɗame masa ƙirji tana reto a jikinsa kamar an shanya ta a igiya. Wuyansa ya fito, fatar haɓarsa ta zubo.

Wata uku ke nan da tafiyarsa. Mutum ne mai motocin ɗaukar kaya da ke kai da komo tsakanin Damagaram da Kano, ƙiba kuma ta kai shi inda ba ya iya sujada, sai dai ya yi salla a kujera. Ciwon suga ya fara taɓa masa ƙafa. Da likita ya ce masa ko dai ya rage jiki ko ya shirya rabuwa da ƙafar, sai ya tafi Tunisiya, aka yanke masa mafi yawan tumbi, aka ɗinke sauran. Abin da aka bar masa bai fi ƙaramin kofi ba. Ya yi jinya a gidan ƙanensa a Yamai, sannan ya dawo.

Gari bai karɓi wannan bayani ba. Wasu suka ce sojoji ne suka tsare shi saboda kwangilar da ya yi da gwamnatin da aka kifar. Wasu suka rage murya suka ce ƙanjamau ce, ai direbobi da iyayen gidansu an san halinsu. Wata tsohuwa a bakin rijiya ta rantse cewa sayar da cikin ya yi, don ba a taɓa jin mai lafiya ya kai kansa an yanka ba.

A ƙofar gidansa ake ciyayya tun zamanin mahaifinsa. Bayan magariba magidanta bakwai na layin suke shimfiɗa tabarma, kowa a fito da kwanon gidansa, a jera su, a ci ɗaya bayan ɗaya, hannu bakwai cikin kwano guda. Daga gidan Muntaka kwano uku ake fitowa da su, manya, don an san cinsa. Rumbu suke kiransa. Idan ya naɗe hannun riga ya yanko loma, lomar kowa sai ta zama ƙarama, ba mai lura da wanda ya ci da yawa. Kuma kullum da kwanon Sallau yake farawa.

Sallau abokinsa ne tun suna kiwon awaki, manomi, mai zuwa cin rani Kano da rani ya dawo da damina. Bana ya dawo da wuri don jiran shuka, ya tarar rumbunsa ya kai ƙasa. Kwanon gidansa ya tashi daga tuwon hatsi ya koma kwaɗon tafasa da ɗan garin dusa. Kafin ya tafi Tunisiya, Muntaka yakan jawo kwanon nan gabansa, ya cinye rabi, ya lashe yatsu yana cewa matar Sallau ta fi tasa hannu. Daga nan Sallau ya sa hannu a tuwo da naman gidan Muntaka ya ci ya ƙoshi, kansa a sama. An ci nasa, ya ci na wani.

A daren da Muntaka ya dawo aka fito da kwano ukun kamar kullum. Bayansu aka kawo wani ɗan kofi na kunu da cokali, aka ajiye gaban Muntaka. Malam Garba, dattijon layin, ya yi bismilla, hannaye suka shiga kwanon farko, na Muntaka bai shiga ba. Ya yi musu bayani a hankali: likita ya hana shi abu mai tauri da mai ƙaiƙayi, cokali biyar ko shida ne iyakarsa, kuma sai ya tauna kamar tsohuwa marar haƙori.

Ɗan'azumi ya tsaya da loma a hannu.

"Wato Rumbu, mu Allah ya aiko mana da yunwa har gida kyauta, kai kuma ka hau jirgi ka je ka sayo ta."

Aka yi dariya, amma gajera. Muntaka ya yi murmushi, ya turo kwanon nama tsakiya, ya ce su ci, ai don su aka dafa. Nan ne ya yi kuskure, bai kuwa sani ba. Sallau ya janye hannunsa ya goge a gefen tabarma. Sauran suka ci gaba, sai dai yanzu akwai mutum zaune yana kallo, cokali a hannu, kowa kuma yana jin ƙarar taunarsa a kunnensa. Kwano biyu suka koma cikin gida ba a ci rabinsu ba. Kwaɗon Sallau ma ya koma, an ɗan taɓa gefensa kawai.

Kwanakin da suka biyo baya Muntaka ya shiga koyon sabon jikinsa. Idan ya yi gaggawar haɗiya, abu ya tokare masa ƙirji kamar ya haɗiyi dutse. Idan ya sha ruwa a kan abinci, amai. Gashin kansa ya fara biyo mataji. Cikin zafin nan da ke fasa ƙasa shi sanyi yake ji da asuba. Amma wata safiya a ɗakinsa ya ture kujerar salla, ya durƙusa, goshinsa ya taɓa ƙasa karo na farko cikin shekaru masu yawa. Ya daɗe a nan bai ɗago ba. Ya fita masallaci da niyyar Sallau ne zai fara gaya wa. A sahu, mutumin damansa ya matsa, na hagunsa ma ya matsa, aka bar masa fili har ya ishi Muntakan da.

Da ya ga kwanukan suna ta dawowa da abinci, ya ce wa matarsa Jamilatu ta riƙa aika guda kai tsaye gidan Sallau, ba sai an bi ta tabarma ba.

Ta ajiye muciyar da ke hannunta. "Alhaji, kada ka yi haka."

Ya tambaye ta dalili. Ta ce shekara nawa tana tuƙa tuwon mutum goma tana cewa nasa ne, shi ma ya san ba shi kaɗai yake cinyewa ba, su ma sun sani, amma ba wanda ya taɓa faɗa. Idan kwano ya shiga gidan Sallau ba tare da nasa ya fito an ci ba, sunansa sadaka.

Muntaka ya ce yara na kwana da yunwa, ita tana zancen suna. Aka aika. Kafin isha kwanon ya dawo, murfinsa ko ɗagawa ba a yi ba, da saƙon cewa an gode, sun riga sun ci.

Washegari ya tare Sallau a hanyar gona, yana tafe da hauya a kafaɗa, zai je ya dubi ƙasar da ba ta da laima. Ya kira shi da sunan da yake kiransa tun yarinta, Na-Dungu, saboda garin kakanninsa. Sallau ya tsaya, ya ɗan rusuna.

"Ranka ya daɗe, Alhaji. An tashi lafiya?"

Bai taɓa ce masa Alhaji ba, ko ranar da ya dawo daga Makka. Muntaka ya ce masa ya bar wannan, su ba baƙin juna ba ne. Ya ɗaga riga ya nuna masa tabon ɗinki, ƴan ƙananan alamu a kan fatar da ta saki. Sallau ya duba, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Ya ce shi ma gobe zai bi layin hatsin gwamnati a gaban ofishin hukuma, inda sojoji ke tsare da bulala, don can aƙalla kowa ya san abin da ya kai shi. Ya wuce.

Tabarma ta fara raguwa. Iliyasu tela ya ce ciwon ƙafa ya hana shi fitowa. Wani ya ce matarsa ba ta da lafiya. Ɗan'azumi bai fasa zuwa ba, shi da bakinsa. Yakan tambayi Muntaka ko an ba shi guntun tumbin ya taho da shi, don kasuwar kayan ciki ta yi tsada. Yakan matsar da kofinsa nesa da na Muntaka, a fili, yadda kowa zai gani.

Ranar wata Alhamis Sallau ya fito bayan kwana da kwanaki ba a gan shi ba. Ya rame har ya kusa kamo Muntaka. Ya ajiye kwanonsa da kansa, ya buɗe. Kwaɗon tafasa ne, ya ji dusa, ba mai ko ɗigo. Bai tura shi tsakiya ba, gaban Muntaka ya tura shi.

"Ka ci nawa, in ci naka. In ba haka ba, kowa ya riƙe kwanonsa."

Malam Garba ya ce a yi haƙuri, mutumin nan ba shi da lafiya. Ɗan'azumi ya ce ai shi ya ce lafiya ya je nema, kuma ya ce ya samu. Muntaka ya dubi ganyen. Ya san abin da likita ya ce game da irin wannan abinci, ya san girman abin da ya rage masa a ciki. Ya ajiye cokali, ya naɗe hannun riga.

Loma ta farko ta wuce da ƙyar. Ta biyu ta tsaya a ƙirji, ya danna ta da ta uku. Ya ce matar Sallau har yanzu ta fi tasa hannu. Sallau ya dube shi, ya miƙa hannu a hankali zuwa kwanon tuwo, ya yanko loma, ya tsoma a miya. Sauran ma suka sa hannu. Na ɗan lokaci tabarmar ta koma yadda take a da, har Malam Garba ya fara ba da labarin wata damina da ta makara kuma ta yi albarka. Muntaka ya ci gaba da ci don kada a tsaya. Gumi ya keto masa, idanunsa suka fara ganin duhu-duhu.

Ya miƙe ya nufi gida. Bai kai zaure ba. A jikin katangar gidansa, taku kaɗan daga tabarma, ya dafa bango, duk abin da ya ci ya dawo, kore shar, a gaban kowa.

Ba wanda ya motsa. Sallau yana riƙe da loma a hannu. Ya san abin da ba wanda ya sani a wurin sai shi: kwanon nan shi ne dukan abin da aka dafa a gidansa ranar, matarsa ta rage wa yara nasu don ya samu abin fitowa da shi. Ya mayar da lomar cikin kwanon tuwo, ya rufe nasa kwanon, ya tashi.

Ɗan'azumi ya ce, ba da ƙarfi ba, "Cikin da aka gyara a ƙasar waje bai karɓar cimar talaka."

Aman bai tsaya ba har gari ya waye, ko ruwa ya sha sai ya dawo. Direbansa ya kai shi asibiti a Damagaram, aka ɗaura masa ruwa. Likitan da ya duba shi ya yi faɗa, ya ce ɗinkin bai buɗe ba, amma in ya sake irin wannan ganganci ba ruwansa. Yana kwance a can aka yi ruwan shuka. Ya ji shi a kan kwanon rufi, ya ji mutane a waje suna kabbara, ya ce a ransa gobe Sallau zai fita gona, in ya koma zai same shi a can, su yi magana ba tabarma a tsakani.

Da ya dawo, ƙasa ta yi laushi, gari ya watse gonaki. Ƙofar gidan Sallau a rufe take da kara. Jamilatu ta gaya masa: kwana biyu kafin ruwan, Sallau ya kai matarsa da yara Dungu wurin iyayenta, irin shukar da ya ɓoye ya bar musu su ci, shi kuma ya hau motar Kano. Bai yi sallama da kowa a layin ba. Ta ce kafin ya tafi ya aiko da wani tsohon kwanonsu da ya daɗe a gidansa, an wanke shi tas.

Muntaka ya taka da ƙafa har gonar Sallau, tafiyar da a da ba zai iya ba sai a mota. Bai yi haki ba. Gonakin gefe duk an shuka, ana ganin sawun dugadugai a jere. Ta Sallau tana nan a jiƙe, ciyawa ta fara leƙowa.

Da yamma ya biya ta shagon magani ya hau sikeli. Mai shagon ya duba, ya ce ma sha Allah.

Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma. Malam Garba ne kawai ya fito, shi ma haƙoransa sun ƙare, ba ya cin abin kirki. Suka zauna su biyu, kwano uku a gabansu, ɗan kofi a gefe.

Daga ranar da aka kwantar da shi a Tunisiya zuwa wannan daren, Alhaji Muntaka ya rasa kilo arba'in da uku, da mafi yawan tumbinsa, da rabin gashin kansa. Ya rabu da kujerar salla da allurar suga. Tabarma ta rasa mutum biyar. Gona ɗaya ta rasa damina.