Buhun Fulawa Talatin da Ɗaya

Shekara talatin da huɗu Stoyanka Ganeva ta yi tana riƙe da littattafan kuɗi a kamfanin tumatirin gwangwani na garinmu, kuma har aka rufe kamfanin aka sayar da ƙarafansa ba a taɓa kama ta da kuskuren ko sisi ba. Mu mutanen Brestak ba mu cika ƙaunar irin waɗannan mutane ba, amma muna shakkarsu. In ka ce mata ka sayi kaza lefa takwas a kuɗin ƙasarmu, sai ta tambaye ka da kan kazar ko ba kan.

Ɗanta ɗaya ne, Kamen. Shekara tara ya yi a Sifen yana ɗora bulo, har mahaifinsa Marin ya rasu aka binne shi ba ya nan, don ranar da labari ya same shi babu kuɗin jirgi a hannunsa. Bayan shekara biyu da rasuwar sai ga shi ya dawo da matarsa Rumyana da 'yarsu Nevena mai shekara bakwai, da lefa dubu talatin da takwas, ya ce gidan burodi zai buɗe. Rumyana ba da son ranta ta zo ba, kuma ba ta ɓoye ba. Aiki gare ta a wani gidan kula da tsofaffi a can, sun ce za su ajiye mata gurbinta shekara guda. A gaban uwar mijinta, wadda take kira Maiko, wato Uwa a harshenmu, ta kafa sharaɗinta.

"Shekara ɗaya, Maiko. In littafinki ya nuna riba, ko ta lefa ɗaya ce, mun zauna. In ya nuna faɗuwa, mu tattara namu ya namu mu koma. Maganar ɗanki ba na yarda da ita a kan kuɗi, shi in ya ga takarda uku a aljihu ya zama attajiri. Taki nake so, ke da ba ki taɓa ƙarya da alƙalami ba."

"Ji mata!" in ji Kamen. "Mamo, kina ji ana zagin ɗanki a gidanki?"

"Ina ji," Stoyanka ta ce. "Ban ji inda ta yi ƙarya ba."

Ranar biyu ga Janairu ta buɗe sabon littafi a kan teburin ɗakin girki. A hagu ta rubuta kuɗi a banki, dubu talatin da takwas, a dama ta rubuta jarin Kamen Ganev, dubu talatin da takwas. Sai tanda mai aiki da lantarki, sai injin kwaɓa, sai hayar shago ta wata shida, kowanne da layinsa. Ba ta yarda da kwamfuta ba. Ta ce abin da ake gogewa ba a ga alama ba, ba littafi ba ne.

Haka shekarar ta miƙa. Kullum da yamma Kamen zai shigo da kwalin takalmi cike da rasidai masu maiƙo, ya dire mata, ya zauna jiran abinci. Ita kuwa ta warware su ɗaya bayan ɗaya ta shigar a littafin yau da kullum. Ƙarshen wata ta kwashe kowane layi ta kai shi shafinsa a babban littafi, ciniki da shafinsa, lantarki da nasa, fulawa da nata. Fulawar ba ta zuwa ta duba, don gwiwoyinta ba sa son hawan tudun da shagon yake. Ta san burodi nawa buhu ɗaya ke bayarwa, saboda haka duk abin da aka sayar sai ta rage fulawarsa a takarda. Wajen watan Yuli ta lura buhunan da ke cikin littafi suna ta ƙaruwa. Ta tambaye shi, ya ce tara su yake yi kafin farashi ya hau. Ta yarda, don tana so ta yarda.

A ɗaya gefen teburin Nevena ke aikin makaranta. Yarinyar ta zo garin nan rabin maganarta da Sifananci, ba ta cin cuku, tana tsoron kaji. Kafin tumatir ya nuna ta iya zagin zakara da harshenmu tiryan-tiryan, irin zagin da ba a makaranta ta koya ba. Ita ke kaɗa wa kakarta ruwan tawada, ita ke tambayar me ya sa kowane kuɗi sai an rubuta shi sau biyu. Stoyanka ta yi shekara biyu tana cin abinci ita kaɗai a tsaye bakin tukunya. Yanzu kwano huɗu take wankewa, kuma ba ta taɓa jin daɗin wanke-wanke irin haka ba.

Abin da ba ta son kallo shi ne ɗanta. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, hannuwansa duk tabon ƙuna. Sau da yawa barci ke ɗauke shi cokali na hannunsa. Garinmu dai ba ɓoyayyen abu ba ne, tsofaffi ne da karnuka, kuma tsoho rabin burodi ke kai shi kwana biyu.

Da shekara ta ƙare ta jera shafukan duka, ta tara hagu ta tara dama, suka zo daidai ba ragi ba ƙari. Ciniki ya ɗara kashewa da lefa dubu biyu da ɗari tara. Ba ta yi murna ba tukuna, don ta san akwai gyare-gyaren ƙarshen shekara, abubuwan da ba su da rasit amma sun ci kuɗi. Tanda da inji sun tsufa da shekara guda, ta cire dubu da ɗari takwas. Wutar Disamba an sha ba a biya ba, ta cire ɗari huɗu da sittin. Saura ɗari shida da arba'in. Ta cire tabarau ta goge ido, ta ce wa hoton Marin da ke bango, "Ka gani? Sun zauna."

Abu ɗaya ya rage, ƙirga kaya. Littafi ya ce akwai buhu arba'in da uku a ɗakin ajiya, kuma tun tana budurwa aka koya mata ba a sa hannu a kan abin da ido bai gani ba. Da hantsi ta ɗauki sanda ta hau tudun cikin dusar ƙanƙara, tana tafe tana hutawa. Kamen ya fita kai burodi ƙauyuka, Rumyana ta je kantin magani, mabuɗin yana ƙarƙashin tukunyar fure inda kowa ya sani. Stoyanka ta ƙirga buhunan ta samu goma sha biyu. Ta sake ƙirgawa tana dafa kowanne da hannu, ta leƙa bayan ƙofa, ta leƙa ƙarƙashin tebur. Sha biyun dai ne.

Tana tsaye a wurin sai ga Ginka, maƙwabciyarta, da baƙin ɗankwali da kwando. Ranar ce kwana arba'in da rasuwar Petko, mijin Ginka. Ta wuce kai tsaye ta ɗaga wani ƙyalle da ke kan kantar shagon, ga ƙananan burodi talatin masu alamar gicciye, irin waɗanda ake rabawa a bakin kabari tare da dafaffiyar alkama. Ta fara zubawa a kwando.

"Allah ya jiƙan Petko," Stoyanka ta ce. "Nawa ya yi miki su?"

Ginka ta tsaya da burodi a hannu. "Nawa kuma? Haba Stoyanke, sai ka ce baƙuwa. Yaushe Kamen ya taɓa karɓar kuɗin burodin mamaci?"

"Naki kaɗai?"

"Na kowa mana! Ranar binnewa, da kwana uku, da tara, da arba'in, da wata shida, da shekara. Har na ƙauyuka. In ka miƙa masa kuɗi sai ya ɓata rai. Ya ce bai raba wa ubansa ko gutsure ba, to bari ya raba wa iyayen wasu." Sai ta rufe baki da hannu. "Wayyo, ashe ba ki sani ba. Don Allah kar ki ce ni na faɗa, ni ba na son fitinarki."

Duk garin ya sani, har da ni, kuma babu wanda ya yi ƙarfin halin gaya mata. A hanyar komawa ta bi ta bakin coci, inda ake manna takardun sanarwar rasuwa a jikin allo da itatuwa, wata kan wata, fuskokin duk ta san su. Ta fara ƙirgawa don sabo, ta kai hamsin da wani abu ta daina. Ba ta ji haushin ɗanta ba. Tausayinsa ne ya kama ta, har ta zauna a kan dakalin cocin ta yi kukan da ba ta yi ba ranar da aka sa Marin a ƙasa.

Lissafin ba shi da wuya. Buhu talatin da ɗaya a kan lefa arba'in, dubu da ɗari biyu da arba'in ke nan. In ta shigar da shi, ribar ɗari shida da arba'in ta koma faɗuwar ɗari shida. In ba ta shigar ba, babu mai zuwa ya ƙirga buhu a Brestak. Ba sai ta rubuta ƙarya ba ma, layi ɗaya kawai za ta ƙi rubutawa. Kwana biyu littafin na buɗe a kan tebur tana zagaya shi. A na ukun Nevena ta shigo daga wasa hancinta jawur, ta cusa hannuwanta masu sanyi cikin rigar kakarta tana dariya. Da yarinyar ta fita Stoyanka ta zauna ta fitar da takardar riba da asara, da ta dukiya da bashi, buhu arba'in da uku zaune a cikinta, ta sa hannu.

Ranar Lahadi bayan sun ci miyar wake da kabeji mai tsami, ta ture kwanuka gefe ta karanta musu tun daga ciniki har ƙasa.

"Riba, lefa ɗari shida da arba'in."

Rumyana ta murza gefen ƙyallen tebur. Can ta ce, "To. Magana magana ce. Gobe zan buga musu waya su ba wata aikin."

Kamen ya yi wata 'yar dariya. "Ɗari shida da arba'in. A shekara. Kin ga mijinki attajiri, Rumi, sai ki fara zaɓen mota." Babu wanda ya taya shi. Ya sunkuyar da kai yana kallon hannuwansa, ya juya su, ya sake juyawa. Sannan a hankali, ba tare da ya ɗago ba, ya ce, "Mamo, kin tabbata? Ko za ki sake dubawa?"

Tunda take, babu mahaluƙin da ya taɓa ce mata ta sake duba lissafi. Ta buɗe baki za ta yi masa tsawa, sai ta kalle shi da kyau, kallon da ta yi wata da watanni tana gudu. Ba shakkar lissafinta yake yi ba. Roƙonta yake yi. Yaron nan ya gaji, ya gaji har ƙashi, kuma ba zai taɓa iya buɗe baki ya ce wa uwarsa zai sake barin ta ita kaɗai ba. Shekara guda yana jiran littafin ya faɗa a madadinsa.

Ta dafa tebur ta miƙe, ta ɗauko littafin daga kan kabad, ta sa tabarau.

"Na manta layi ɗaya," ta ce.

"Ke, Maiko?" in ji Rumyana. "Ki manta?"

"Na tsufa, 'yar nan. An hana tsufa ne?"

A gabansu ta rubuta. Hagu, fulawar da aka yi amfani da ita, dubu da ɗari biyu da arba'in. Dama, kayan ajiya, dubu da ɗari biyu da arba'in. A wurin bayani ta ɗan tsaya, sannan ta rubuta: burodin mamata. Kamen ya karanta daga inda yake zaune, kunnuwansa suka yi ja. Ta soke tsohon jimla da layi ɗaya yadda ake iya karanta shi, ta rubuta sabo a samansa, ta sa hannu a gefe.

"Faɗuwa, lefa ɗari shida."

Ta ji ajiyar zuciyar da Kamen ya sauke, duk da ya so ya danne ta. Ya kamo hannunta mai alƙalamin ya kifa goshinsa a kai. Ta bar shi kaɗan, sannan ta zare hannun, ta ce ba ta gama ba. Ta rufe shafin ciniki ya koma babu, ta rufe na haya da na lantarki da na fulawa, ta kwashe ɗari shidan ta cire daga jarin Kamen Ganev. Ta ɗauki jan alƙalami ta ja layi biyu a ƙasa. Ta saba in ta rufe shekara, nan take take juya shafi ta rubuta kwanan watan sabuwa. Ta juya shafin, ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mayar wa alƙalamin murfinsa.

A tsakar gida Nevena na ta faɗa da zakara. Takalmanta na ƙanƙara, jajaye, waɗanda kakarta ta saya mata da kuɗin fansho, ana hango su ta taga.

"Takalman nan nata," Stoyanka ta ce, "za su shiga akwati, ko a bar su nan?"

Rumyana ta share ido da bayan hannu. "A ba wa wata, Maiko. Can ba a ƙanƙara. Kuma kafin mu sake zuwa sun yi mata kaɗan."