Na Sama Ko Na Ƙasa

Su huɗu ne a gidan: Baba, Umma, 'yarsu ta fari mai shekara goma sha ɗaya, da Auta mai shekara uku. Tun da aka haifi Auta kowa ya koma kiran yarinyar Yaya, ban da Baba, shi Uwata yake ce mata. Ba su rasa ci ba, ba su rasa sutura ba. Abin da suka rasa ɗaki ne, don mai gidan da suke haya ya sayar, an kuma ce ranar Asabar za a fara cire kwanon rufi. Abu na biyu da suka rasa shi ne haɗin baki a kan zafi da sanyi.

Baba a gidan burodi yake aiki, a bakin tanderu, tun asuba har faɗuwar rana. In ya dawo sai an matse rigarsa, gashin hannunsa kuwa tuni wuta ta cinye. Umma a kantin kifi take, cikin ɗakin ƙanƙara, tana jera kwalaye sanye da rigar sanyi biyu da safar hannu. In ta dawo yatsunta ba sa lanƙwasuwa sai ta tsoma su a ruwan ɗumi. Fanka ɗaya ce a ɗakin, kuma ta ga ta kanta: Baba ya kunna, Umma ta kashe, har maɓallin ya gaji ya cire, ake murɗa ta da filaya.

"Ni da za a ba ni zaɓi," in ji Baba, "ƙasar da ruwa ke daskarewa a kofi zan koma."

"Sauka lafiya, ka gaishe su," in ji Umma. "Ni a bar ni inda rana ke soya ƙwai a kan dutse."

Da wasa suke yin wannan, har ranar da dillali ya samo musu wani gida mai ɗaki biyu da babu kowa. Ɗaya a sama, ƙarƙashin kwano, mai taga biyu. Ɗaya a ƙasa, bayan matakala, wanda rana ba ta taɓa leƙawa ba. Dillalin ya ce zai riƙe musu har la'asar ɗin Alhamis, in ba su zaɓa ba akwai masu jira.

Kowannensu ya je ya duba, kuma kowa daga wurin aiki ya wuce kai tsaye. Baba ya shiga na ƙasa da gumi a jiki, ya jingina bayansa da bango ya lumshe ido, da kyar dillali ya fitar da shi. Umma ta hau na sama tana rawar ɗari, ta cire takalmi ta taka simintin da ya wuni yana shan rana, ta ce ta samu gida.

Ranar Laraba da yamma wasa ya ƙare.

"Maman Auta, ki ji tsoron Allah. Na wuni a wuta, in dawo in kwana a wuta? Ni burodi ne?"

"To ni kifi ce? A fito da ni daga wannan firji a sa ni a wancan?"

"Ke ai kina iya ƙara bargo. Ni fatata zan cire?"

"Bargo yana shiga cikin ƙashi? Ka taɓa jin gwiwata da safe? Kamar tsohuwar ƙofa."

Yaya tana zaune a gefe tana ɗaure tukwane da igiya, kanta na juyawa daga wannan zuwa wancan. Sau biyu ta buɗe baki, sau biyu aka ce ta yi shiru manya na magana. Aka tashi ba a yanke komai ba.

Da safe Baba ya tsuguna kusa da ita yana ɗaura takalmi, ya rage murya. "Uwata, ba za su bar ni in fito da rana ba. In kin taso makaranta ki je wurin dillali, ki ce na ƙasa. Ki ce ni na aiko ki. Ke ce mai tausayina a gidan nan."

Bai daɗe da fita ba Umma ta kira ta tana cusa safar hannu a jaka. "Ke, zo nan. Yau mota za ta kawo kaya, ba ni da fita. Ki ɗauko Auta daga wurin maƙwabciya, ki je ki ce wa dillali na sama. Kin ji ko? Kar ki kuskura ki manta."

"Amma Baba ya ce..."

"Na san abin da ya ce. Ni na ce na sama."

Ranar Yaya ba ta ji ko kalma ɗaya a aji ba. Ranta sai tafasa yake. Manya biyu sun kasa, sun ɗora mata, kuma duk wanda ta bi ta saɓa wa ɗaya. In ta ƙi zuwa kuma, Asabar ta same su a titi da tukwane a ɗaure. Ta danna fensir a takarda har ya karye.

Da aka tashi ta ɗauko Auta ta goya shi, ta nufi gidan da dillali ya samo, rana a tsakiyar ka. Dillalin yana zaune a inuwar ƙofa yana fifita da kwali, makullai a cinyarsa.

"'Yammata, wanne aka ce?"

"Ka buɗe mini in gani tukuna."

"Iko sai Allah. Uba ya gani, uwa ta gani, yanzu kuma an aiko babbar alkaliya." Ya miƙe yana dariya. "Mu je, ranki ya daɗe."

Suka fara da na ƙasa. Da shiga sanyi ya ratsa ta, ta ji daɗi, har ta ce a ranta Baba ya yi gaskiya. Ta sauke Auta ta zauna. Ba a jima ba ta fara jin warin danshi. Ta shafa bango, hannunta ya fito da laima, daga ƙasan bangon kuma duk ya yi baƙi-baƙi. Ta ciro littafinta ta buɗe, da rana tsaka, ba ta iya ganin rubutun ba. Auta ya yi atishawa, ya sake, sannan ya fara tarin nan nasa mai ƙara kamar ana jan zarto, wanda yakan kai su asibiti duk damina.

Wata mata da ke wanki a tsakar gida ta leƙo. "Ku ne za ku shiga nan? Da wannan yaron? Waɗanda suka fita ma ƙirjin 'yarsu ne ya kore su."

"Hajiya, ki yi wankinki mana," in ji dillali.

Suka hau sama. Da ya tura ƙofa zafi ya bugi fuskar Yaya kamar an buɗe murfin tukunya. Kwanon rufi sai ƙas-ƙas yake. Auta ya taka simintin ya ɗaga ƙafa ya fashe da kuka. Ta ɗauke shi, gumi na bin bayanta, ta tsaya a tsakiyar ɗakin, sai wani haushi ya taso mata. Wannan ne ɗakin da Umma ta ce ta samu gida? Ai Umma sai da rana ta faɗi ta zo. Baba ma minti nawa ya yi a na ƙasa? Babu ɗayansu da zai taɓa zama a ɗakin nan da azahar. Daga tashin makaranta har magariba, ita ce da Auta, kullum, kuma ba wanda ya ce, "Yaya, ke fa?"

Ta buɗe tagogin biyu. Iska ta ɗan gilma, mai zafi ce, amma iska ce. Akwai haske. A bakin ƙofa akwai 'yar baranda mai inuwa, inda tabarma ɗaya za ta shiga. Ta zaunar da Auta a wurin, ta jiƙa gefen ɗankwalinta da ruwan gorarta ta goge masa wuya. Kukan ya tsaya. Tarin ma ya tsaya.

"To, alkaliya?"

"Na sama."

"Saƙon wa ke nan, na uwa ko na uba?"

"Nawa ne," in ji ta. Ta karɓi makulli ta ƙulle a bakin zani.

Umma ce ta fara dawowa, Baba na biye da ita. Yaya ta ajiye makullin a kan akwati ta ce na sama ne. Umma ta tafa hannu. "Yauwa 'yar albarka! Ka gani ko, Baban Auta? Yarinya ma ta san gaskiya."

Baba bai yi faɗa ba. Ya zauna a bakin gado da jiƙaƙƙiyar rigarsa, ya ce a hankali, "Uwata, har da ke?"

Wannan ne ya fasa ta.

"Umma, ba don ke na zaɓa ba! Baba, ba kuma don in ƙi ka ba ne!" Ba ta tsaya nan ba. "Kun taɓa shiga ɗakunan nan da azahar? Na ƙasa bangonsa ruwa yake fitarwa, Auta yana shiga ya fara tari. Na sama kuma ko ƙafa ba a iya takawa. Duka biyun ba daɗi! Ku da dare kawai za ku shigo. Ni da shi ne za mu wuni a ciki. Tun jiya kuna ni burodi ne, ni kifi ce, to mu mene ne? Kayan ɗaki?"

"Ke, da wa kike magana haka?" in ji Umma. Amma ba ta ɗaga murya ba, kuma idonta na kan Auta.

Baba ya dubi Auta, sannan ya juyo wurin Yaya.

"Ya yi tari?"

"Sau uku. Irin na damina."

"Saman kuma, da zafi sosai?"

"Kamar ranar da na kai maka abinci wurin aiki."

Ya girgiza kai. "A'a. Wannan ba wurin barin yara ba ne haka." Ya juya wurin Umma. "Sai an yi masa silin kafin mu shiga. Ko da kwali ne, zai tare zafin kwanon. Kwalayen nan naku masu kauri, zubarwa kuke yi?"

"Zubarwa muke. Amma ka sani, ƙarnin kifi ba ya fita."

"A shanya su gobe. In ya ƙi fita, mu kwana a miya."

Umma ta yi dariyar da ba ta shirya ba, sannan ta jawo Yaya ta gyara mata ɗankwalin da har yanzu gefensa da laima. "Da kin faɗa tun jiya."

"Na buɗe baki sau biyu."

Baba ya tashi ya fita neman aron tsani da ƙusa, Umma ta ɗora ruwan ɗumi don yatsunta. Yaya ta koma kan tukwanenta, haushin bai gama sauka ba. Amma ta gane abu ɗaya: duk gardamar da iyayenta suka yi, ba ɗaki suke zaɓa ba, kowannensu gudun inda yake wuni yake yi.