Ƙarfe Biyu a Maɗaba'a

Shekara talatin da huɗu Jan Biro ya yi yana gyaran rubutu a maɗaba'a, kuma ba a taɓa jin ya bar layi ɗaya ya tafi inji bai karanta shi sau biyu ba. Sunan ma a can ya samo shi, don kullum da jan biro a bayan kunnensa, ko wanka zai shiga sai an tuna masa ya cire. To wannan mutumin ne fa, ran wata Talata da hantsi, ya rubuta layi biyu a waya ya tura bai sake dubawa ba, har abin ya nemi raba shi da amininsa, Mai Inji.

A zamaninsu maɗaba'ar ɗaki uku ce a jere. Na gaba na karɓar aiki, na tsakiya na Jan Biro da mai ɗaurin littattafai da suke kira Gam, na baya kuma na wani ƙaton inji baƙi wanda ba mai taɓa shi sai Mai Inji. In zaɓe ya gabato ba sa samun sukuni. Da safe su buga fuskar wannan ɗan takara, da yamma su buga ta abokin hamayyarsa, tawada ɗaya, takarda ɗaya. Ƙarfe ɗaya na rana su zauna a kan ɗaurin takardu, kowa ya buɗe kwanonsa, gardama ta kaure. Jan Biro da Mai Inji kuwa ba su taɓa haɗuwa a kan ɗan takara ɗaya ba. In wannan ya ce fari, wancan zai rantse baƙi ne tun bai gani ba.

Amma gardamar nan tana da iyaka. Ƙarfe biyu daidai Mai Inji zai miƙe, ya kaɗe rigarsa, ya danna maɓalli. Da inji ya ɗauki ƙara, ko kana tsakiyar magana sai ka haɗiye sauran, don ko ihu ka yi ba mai jin ka. Daga nan sai ya zaro tsumman mai daga aljihun baya, ya jefa wa wanda suka fi tayar da jijiyar wuya da shi. Ma'anarsa a fili take: tashi ka je ɗaya gefen ka karɓi takarda. Mafi yawan ranaku a ƙirjin Jan Biro tsumman yake sauka. Su tsaya, inji a tsakaninsu, sai magana da hannu, kafin a tashi aiki ba wanda zai iya tuna abin da aka yi wa faɗa.

Akwai kuma wata alama da kowa ya sani. Ranar da Mai Inji ya shigo bai gaisa da kowa ba, ya wuce kai tsaye ya ɗauki gwangwanin mai ya hau ɗiga wa inji, to da abin da ke cin ransa. Ran nan ba a tsokanarsa. Jan Biro ma yakan bar masa gardamar ya ci.

Shekaru suka tura, kowa ya yi ritaya, maigidansu mai maɗaba'ar ya rasu, 'yarsa ta karɓi wurin ta cika ɗakin gaba da kwamfutoci. Gam ne ya buɗe musu zauren hira a waya, ya tattaro tsofaffin ma'aikata su tara. Da farko abin gwanin daɗi. Gaisuwar safe, hoton jika, wane asibiti ne ya iya ciwon gwiwa. Sai yaƙin da ake yi a can ƙarshen ƙasa ya shiga shekara ta biyu, zaɓe kuma ya ƙarato. 'Yan takara biyu ne a gaba. Ɗaya ya ce a zauna a yi sulhu, kowa ya tsaya inda yake. Ɗaya ya ce ba sulhu sai an ƙwato kowane gari. Jan Biro ya bi mai sulhu. Mai Inji, wanda a da ko labarin yaƙi aka fara a rediyo sai ya murɗe, ya tsaya kai da fata a bayan ɗayan.

Abin takaici, waya ba ta da ƙarfe biyu. A fara da safe, a ci abinci ana yi, a wayi gari a ɗora daga inda aka tsaya. Kuma ba ka ganin fuskar mutum, balle ka san ko yau ranar gwangwanin mai ce. Wannan ya turo bidiyon da bai san inda aka ɗauka ba, wancan ya turo muryar wani da ba wanda ya san shi. Tsofaffi masu furfura, da suka buga ƙaryar 'yan siyasa da hannunsu suna dariya, suka koma suna rantsuwa da ita.

Ran Talatar nan Mai Inji ya rubuta cewa duk mai neman sulhu yanzu ya yi watsi da waɗanda ke can fagen daga. Jan Biro yana zaune a baranda, tabarau a karan hanci, ya ji wata amsa ta zo masa mai daɗi, irin wadda da a kan ɗaurin takardu ne Gam sai ya ƙware don dariya. Ya rubuta:

"Yaƙi da daɗi a baki in ɗanka yana ɗaki yana barci. Mai son a ci gaba ya tura nasa."

Ya tura. Ya jingina yana murmushi, yana jiran martani. Can sai ga wani ɗan ƙaramin rubutu a tsakiyar allo, wai Mai Inji ya fita.

"Ya gudu!" ya ce wa matarsa, wadda ke shanya a tsakar gida. "Yau dai na kai shi ƙasa."

Bai rufe baki ba wayar Gam ta shigo.

"Jan Biro, kai kuwa lafiyarka? Ba ka san Auta yana can ba?"

"Wane Auta? Autan Mai Inji? Ai bakanike ne, yana garejin manyan motoci."

"Da kenan. Wata takwas da sojoji suka ɗauke shi yana gyara musu motoci. Mako shida da suka wuce aka tare ayarinsu a hanya, har yau ba a gan shi ba, ba a ga gawarsa ba. Ni ma daga bakin matata na ji. Ya ce kada a faɗa wa kowa."

Jan Biro ya sauke wayar daga kunnensa. Autan nan a hannunsa ya koyi riƙe fensir, a teburinsa na gyara, yana ce masa Baba Jan Biro. Ya buɗe zauren ya karanta layukan nan, sau ɗaya, sau biyu, karatun da ya kamata ya yi tun farko. Ya goge su, amma kowa ya riga ya gani.

Ya kira Mai Inji, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ya tura saƙo, alama ta nuna an karanta, shiru. Washegari ya sa riga ya tafi gidan. Matar Mai Inji ta leƙo, idonta ya faɗa, ta gaishe shi da ladabi kamar kullum ta ce, "Ai ya ɗan fita, Malam." Ga takalman Mai Inji nan a bakin ƙofa, waɗanda ya san su kamar nasa. Ya ce a gaishe shi, ya juyo. Tun da yake bai taɓa jin kunya irin ta ran nan ba.

Kwana huɗu yana zaune da takarda yana rubuta ban haƙuri. Ya rubuta, ya zaro jan biro ya soke, ya sake. Wannan ya yi tsawo, wannan kamar yana kare kansa, wannan kamar ta'aziyya, alhali ba a ce yaron ya mutu ba. Matarsa ta zo ɗaukar kofi ta ga takardar ta yi jawur.

"Malam, magana ce ta jawo, kuma maganar za ka ƙara masa? Da can in kun yi faɗa, wasiƙa kuke rubuta wa juna?"

"Da can akwai inji," ya ce da ita a gajiye. Ya faɗa ne don ta ƙyale shi, amma tana fita ya zauna yana kallon bango. Ya tashi ya nemi hularsa.

Rabonsa da maɗaba'a shekara shida. An yi wa ɗakin gaba fenti, an sa gilashi, wasu injuna farare suna fitar da fastocin zaɓe ba ƙara, kamar marasa lafiya. Fuskokin 'yan takarar biyu na jingine a bango ɗaya suna murmushi. 'Yar maigidan ta taso da sauri.

"Baba Jan Biro! Yau kai ne a wurinmu? Sannu da zuwa, ga kujera."

"Bar kujerar, 'yata. Tsohon nan yana nan?"

"Yana baya, an lulluɓe shi. Na rasa yadda zan yi da shi, kuma na kasa rabuwa da shi saboda Baba."

"Yana tashi?"

"Bara dai ya tashi."

Ɗakin baya bai canza ba. Warin tawada da mai yana nan a bango, har ƙusar da Mai Inji ke rataye rigarsa. Suka yaye tamfol. Jan Biro ya dubi agogo, biyu saura minti bakwai, ya ce su jira. Ta dube shi, ba ta tambaya ba. Biyu na cika ya sa yatsa a maɓallin da bai taɓa dannawa ba a rayuwarsa, ya danna. Injin ya yi tari, ya yi gurnani, sannan ya ɗauka, ƙasa tana rawa a ƙarƙashin ƙafa kamar da. Ya ɗaga waya ya naɗi ƙarar minti guda cur, ya kashe injin, ya tura wa Mai Inji ba ko kalma ɗaya.

Ya zauna a kan wani ɗaurin takardu. Alama ta nuna an saurara. Ba amsa. Uku ta yi, uku da rabi ta wuce. 'Yar maigidan ta kawo masa ruwa ta koma. Ya fara gaya wa kansa cewa wauta ya yi, mutum ɗansa ya ɓata, kai kuma ka tura masa ƙarar ƙarfe.

Wajen ƙarfe huɗu ya ji takun da ya sani, mai ɗan jan ƙafar hagu. Mai Inji ya shigo. Ya rame, rigar ta yi masa yawa, a hannunsa da gwangwanin mai mai dogon baki. Bai gaisa ba, bai ma dubi inda Jan Biro yake ba. Ya wuce kai tsaye ya durƙusa ya hau ɗiga mai, rami bayan rami, yana shafawa da tsumma. Jan Biro ya san alamar, ya kama bakinsa.

Sai da ya zagaye injin kaf sannan ya yi magana, fuskarsa na kallon ƙarfe.

"Wane mara imani ne ya kunna shi ba mai? Ba ka ji yana kuka ta hagu ba?"

"Ni ne."

"Na sani. Wa zai yi wannan aika-aika in ba kai ba."

Mai Inji ya goge bakin gwangwanin a hankali.

"Har yanzu ba labari," ya ce. "Inda aka tare su, yanzu a hannun abokan gaba yake. In aka ce kowa ya tsaya inda yake, wa zai shiga ya nemo mini shi? Ka gaya mini, kai mai ilimi."

Amsa ta zo wa Jan Biro har bakinsa. In an yi sulhu ai akan yi musayar waɗanda aka kama, wataƙila ma ta nan yaron zai fi saurin dawowa. Amsa ce mai kyau, kuma ya yarda da ita har zuciyarsa. Ya dubi wuyan amininsa, yadda ƙashi ya fito, ya haɗiye ta.

"Ban sani ba," ya ce.

"Ƙuri'ata dai tana nan inda take."

"Tawa ma."

"Ai na sani. Kai da taurin kai."

Jan Biro ya miƙe, gwiwoyinsa suna ƙara. Duk abin da ya soke da jan biro a kwana huɗun nan ya taso masa lokaci guda.

"Mai Inji, wallahi da na san Auta yana can, da hannuna ya karye kafin in..."

Mai Inji ya danna maɓalli. Injin ya ɗauka, wannan karon sumul, ƙarar ta cika ɗakin ta cinye sauran maganar. Jan Biro ya tsaya baki buɗe. Ta saman injin ya hango fuskar amininsa, hawaye na bin kumatunsa, kafaɗunsa na rawa, yana kukan da ya riƙe mako bakwai a gida don kada uwar yaron ta gani. A nan ba mai jin sa.

Can Mai Inji ya share fuska da hannun riga, ya dunƙule tsumman mai, ya jefo. Ya sauka a ƙirjin Jan Biro, ya bar masa baƙin tabo a farar rigarsa. Jan Biro ya riƙe shi da hannu biyu, ya zagaya ɗaya gefen. Ba takarda ko ɗaya a cikin injin, ba abin da zai fito, amma ya tsaya a wurinsa na da, ya miƙa hannu yana jira.