Kwalbar Asiton

Shekara goma sha tara Malam ya yi yana koyar da ilimin sinadarai a makarantar sakandare, kuma in akwai abin da yake taƙama da shi, to hancinsa ne. Ko an ɗaure masa ido aka buɗe kwalba a ƙarshen aji, zai faɗi abin da ke ciki. Ɗalibai suka laƙaba masa Malam Hanci a bayan idonsa. Ya sani sarai, kuma sunan yana masa daɗi a ɓoye.

Yana da wata ɗabi'a a ɗakin gwaje-gwaje. Duk ƙarshen mako yakan ja layi da jan alƙalami a jikin kowace kwalba, daidai inda ruwan cikinta ya tsaya. Wata Litinin ya tarar kwalbar asiton ta sauka ƙasa da layinta da faɗin yatsa biyu. Asiton ruwa ne garau mai ƙamshi mai hawa kai, wanda 'yan mata suke goge jan farce da shi. Mutum biyu kaɗai ke shiga ɗakin bayan an tashi: shi, sai 'yarsa Auta, 'yar aji uku, wadda take zama kan dogon benci tana aikin gida har ya gama su tafi tare.

Suna fitowa ranar ta matso kusa da shi, ta ce ya jira ta ta sha ruwa a famfo. Numfashinta ya bugi hancinsa. Asiton ne, babu tantama.

Ya danne maganar har suka isa gida. Bayan sun ci abinci ya kira ta falo, ya tambaye ta a hankali abin da ta yi da ruwan kwalbar. Ta ce ita ko taɓa ta ba ta yi ba. Ya duba faratanta, ya gan su fes, sai ya ɗauki wannan ma a matsayin shaidar cewa ta goge jan farce da shi. Daga nan zuciyarsa ta kai shi inda ya fi muni, domin ya san akwai yaran da ke shaƙar irin waɗannan abubuwa. Uwarta ta sa baki, ta ce yarinyar nan fa mako uku ke nan tana ramewa, siket ɗinta har zamewa yake, tana shan ruwa kamar raƙumi, kuma ba ta minti talatin ba ta zaga ba. Ta ce gara a kai ta asibiti. Malam ya ce ai alamomin ke nan, mai shaƙe-shaƙe ba ya ƙiba, kuma uwa ita ce ta ƙarshen sanin halin ɗanta.

Ya yanke hukunci cewa daga ranar ba za ta ƙara taka ɗakin gwaje-gwaje ba, ta riƙa jiransa a baranda.

"Hancina bai taɓa yi mini ƙarya ba," in ji shi.

Auta ta ɗago ido ta dube shi. "Ni ma ban taɓa yi maka ba, Abba."

Ranar Talata ya hango ta ta taga, tana zaune a baranda ta jingina kai da bango, gorar ruwanta babu ko ɗigo. Ya so ya kira ta ciki. Ya ce wa ransa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ya ci gaba da wanke kwalabensa.

Laraba da safe yana da darasi da 'yan ajin ƙarshe. Ya zana asiton a allo kamar yadda ya saba duk shekara: ƙwayar kabon uku a jere, ta tsakiyar riƙe da ƙwayar oksijin. Ya shiga bayani daga ka, domin ya daɗe da haddace shi. Ya ce jiki kamar murhu ne, sukari ne makamashinsa, amma sukarin ba ya shiga ƙwayoyin jiki sai insulin ya buɗe masa ƙofa. Idan babu insulin, sukari ya taru a jini a banza, mutum ya yi ta fitsari da jin ƙishi, jiki kuma ya koma ƙona kitsensa har ya rame. Daga wannan kitsen hanta take fitar da wasu sinadarai masu tsami da ke gurɓata jini, kuma ɗaya daga cikin danginsu yana fita ta numfashi, shi ya sa bakin mai wannan ciwo yake ƙamshin...

Allin ya tsaya a hannunsa. Wata ɗaliba a layin gaba ta ƙarasa masa, ta ce asiton, Malam.

Bai san lokacin da ya fita daga ajin ba. Ya tarar da Auta a ajinsu ta kifa kai a kan tebur, tana jan numfashi mai zurfi kamar wadda ta yi gudu, ƙawarta tana mata fifita da littafi. Ya saɓa ta a kafaɗa. Rashin nauyinta ya fi komai tsorata shi.

A asibiti aka sa mata ƙarin ruwa da insulin. Likitar, wata dattijuwa mai maganar ƙasa-ƙasa, ta ce ciwon sukari ne irin na yara, kuma da an ƙara kwana ɗaya da labarin ya zama wani. Ta tambaya ko akwai wanda ya lura da ƙamshin bakinta kafin yau. Uwar Auta ta sunkuyar da kai, tana neman rufa masa asiri.

"Ni na ji," in ji Malam. "Tun ranar Litinin."

Likitar ta tambayi sana'arsa. Da ya faɗa mata, ta rubuta wani abu a takardarta, ta wuce gado na gaba. Ya gwammace da ta zage shi.

Washegari ya koma makaranta neman hutu, ƙafarsa ta ja shi ɗakin gwaje-gwaje. Kwalbar ta ƙara sauka, ga shi kwana uku babu wanda ya shiga sai shi. Ya ɗaga murfin a hasken taga, ya ga wata 'yar siririyar tsaga kamar gashi. Asiton ba ya zama inda iska ke shiga, wannan ko 'yan aji ɗaya ya koya wa. Ya sa murfin a aljihu.

Da hantsi ya isa asibiti. Auta ta farfaɗo, an jingina ta da matashi, uwarta tana ba ta ruwa da cokali. Ya zauna a bakin gado, ya ajiye murfin a tafin hannunta, ya nuna mata tsagar. Ya faɗa mata komai bi da bi, kamar yadda yake tsara darasi, bai rage wa kansa laifi ko ɗaya ba: layin alƙalamin, zargin da ya yi mata, da yadda ya hango ta a baranda ya ƙi kiranta. Sannan ya roƙe ta gafara.

Ta daɗe tana juya murfin. Ta ce ba hana ta shiga ɗakin ne ya fi yi mata ciwo ba. Abin da ya dame ta shi ne har ta fara tunanin ko ta taɓa kwalbar ta manta, tunda Abba ba ya kuskure.

Malam ya kasa haɗa ido da ita.

Can sai ta ɗan yi murmushi, ta ce ya matso, ta hura masa numfashi a fuska. "To Malam Hanci, yau me ka ji?"

Bai ji komai ba sai ƙamshin man goge baki. Ya buɗe baki zai faɗa, sai ya fasa. Ya miƙa hannu ya ɗauko 'yar na'urar awon sukarin da ma'aikaciyar jinya ta koya musu amfani da ita, ya kama yatsanta a hankali.

"Ke faɗa mini yadda kike ji tukuna," in ji shi. "Sai mu auna."